Jawabi Kan Allurar Sinawa Bayan Tiyatar Ƙashin Baya



Jawabin wannan wata a kan ciwon baya yake, amma ba kowane ciwon baya ba. Akwai wanda yakan tashi daga ƙugu, ya bi ɗuwawu, ya gangara cinya, har ya kai tafin ƙafa. Mai shi yakan ji kamar ana zuba masa garwashi a jijiya. In ya yi tari ko atishawa sai ciwon ya harbe shi. Wani lokaci abin yakan kai ga tiyata. To, bayan tiyata sai wata tambaya ta taso. Mutum ya dawo gida, ɗinki ya kama, amma da sauran zogi a ƙafa. Sai wani ya ce masa ai akwai wata allura ta Sinawa, ba a zuba magani a cikinta, soka ta kawai ake yi ciwo ya tafi. Shin gaskiya ne? Ya sayar da tunkiya ya nemi wannan allura, ko kuwa ya riƙe kuɗinsa?

Kafin a amsa sai an san abin da ya lalace a bayan.

Gammon da ke tsakanin ƙasusuwa

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani kan wani kamar tubali. Guda 7 suna wuya, 12 suna saitin ƙirji, 5 suna ƙugu. Sauran suna can ƙasa, yawancinsu a manne da juna. Biyar ɗin nan na ƙugu su ne manya, domin su ne ke ɗauke da nauyin jiki da duk kayan da mutum ya ɗauka.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani guringuntsi. Aikinsa aikin gammo ne. Yana hana ƙasusuwa gugar juna, yana kuma tare nauyi. Guda 23 ne a jikin mutum. Bayansa yana da tauri kamar tayar keke, cikinsa kuma da laushi da danshi kamar ƙullu. A bayan waɗannan gammaye laka ta bi, daga cikinta kuma jijiyoyi suka fito ta ƙananan ƙofofi suka nufi ƙafafu. Su ne ke kai saƙon motsi, su kuma ke kawo saƙon zafi da sanyi da taɓawa.

Mutane sukan ce guringuntsin baya ya goce. A gaskiya ba gocewa yake yi ba. Tsagewa bayansa yake yi, sai ƙullun cikin ya bulbulo waje, ya danne jijiya, ya kuma sa ta kumbura. Shi ya sa ciwon yana baya amma ƙafa ce ke kuka. Kusan 9 cikin 10 na irin wannan tsagewa a ƙugu, a gammaye biyu na can ƙasa take faruwa.

A riƙe wannan da kyau, domin a nan 'yan damfara suke cin kasuwa. Abin da ya bulbulo ba ya komawa ciki da hannu. Ba ya komawa da tattaka baya, ko ɗori, ko ƙaho, ko allura kowace iri ce. Duk wanda ya ce zai mayar da shi wurinsa, ko dai bai san abin ba, ko kuɗi yake nema.

Ciwon ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, ya kuma fi kama maza. Da shekaru gammon yakan bushe ya rasa ƙwarinsa. Akwai gado a ciki. Shan taba da ƙiba suna ƙara shi. Haka nan ɗaga kaya mai nauyi a sunkuye, musamman in mutum ya murɗa jiki da kayan a hannu. Ɗan dako mai ciccibar buhu, manomi mai wuni a duƙe da gajeriyar fartanya, mace mai jan guga da ɗaukar tulu, direba mai kwana a kan kujera, duk sun san nauyin da ƙugu ke sha.

Ba kowa ake yi wa tiyata ba

Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da wuƙar likita ba, cikin mako 6 zuwa 12. Jiki da kansa yakan cinye abin da ya bulbulo a hankali, kumburin jijiya ya saɓe. Likita yakan yi maganar tiyata ne in ciwon ƙafa ya ƙi lafawa bayan makonni ana magani, ko in ƙafa ta fara shanyewa, mutum yana jan ta, takalmi yana zame masa bai sani ba.

Wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka bayyana wa duniya wannan aiki a shekarar 1934. A yau akan yi 'yar ƙaramar tsaga a baya, likita ya duba da madubi mai ƙara girman abu, ya cire guntun da ya danne jijiya, ya bar sauran gammon a wurinsa. Aiki ne na ƙwararru. A manyan asibitoci ake yinsa, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i. Kafin a yi kuma sai an ɗauki hoton baya da babbar na'ura, domin akwai wasu cututtuka masu kama da shi. Tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne.

Tiyata ta fi maganin ciwon ƙafa a kan ciwon bayan kansa. Da yawa sukan farka su ji wutar nan ta ƙafa ta mutu. Amma ba kowa ba. Jijiyar da ta daɗe a danne kamar shuka ce da dutse ya danne. Ko an ɗauke dutsen ba ranar take miƙewa ba. Zogi da mutuwar ƙafa suna iya ɗaukar watanni kafin su wuce. Ga kuma naman baya da aka tsaga, ya sanƙare. Ga tsoro, mutum yana gudun motsi kada ɗinki ya farke.

A nan ne mutane ke faɗawa shan ƙwayoyi. Magungunan kashe ciwo suna da amfani in likita ya rubuta, na ɗan lokaci. Amma in aka daɗe a kansu wasu suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Tiramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samari. Mutum yakan fara shi don ciwo, ya wayi gari ba ya iya rabuwa da shi. Saboda haka likitoci a ko'ina suke neman hanyar rage ciwo ba tare da ƙwaya mai yawa ba. Ta wannan ƙofa allurar Sinawa ta shigo maganar.

Mece ce allurar Sinawa?

Turawa suna kiranta akufanca. Ba irin allurar asibiti ba ce da ake zuƙo ruwan magani da ita. Ba ta da rami a ciki. Siririya ce ƙwarai, kaurinta kamar rubu'in milimita ɗaya, wato ta ɗan fi gashin kai kauri. Mai aikin yakan soka guda 5, ko 10, ko fiye, a wurare na musamman a baya, da ɗuwawu, da ƙafa, da hannu, wani lokaci har kunne. Yakan ɗan murza su, ya bar su minti 20 zuwa 30, sannan ya zare. Ba ta cika fitar da jini ba. Mai jinya yakan ji ɗan tsira, sai kuma wani nauyi-nauyi a wurin. Akwai kuma wadda ake haɗa wa waya a sa 'yar wutar lantarki maras ƙarfi ta bi ta cikinta.

Tsohuwar sana'a ce a ƙasar Sin. An rubuta ta a littattafansu na magani tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Wuraren suka da aka daidaita a kansu a yau 361 ne. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A lura, wannan girmamawa ce ga al'ada, ba shaidar warkarwa ba ce.

Yadda ta bazu a Amurka ma ta hanyar tiyata ne. A watan Yuli na 1971 wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna James Reston, na jaridar New York Times, ya kai ziyara birnin Bejin. Can sai ciwon afendis ya kama shi, wato ɗan tsiron nan na hanji da yakan kumbura. Likitocin Sin suka yi masa tiyata da maganin kashe zafi irin na asibiti. Bayan aiki cikinsa ya kumbura ya dame shi. Sai aka soka masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya kuwa ji sauƙi. Ya rubuta labarin a jaridarsa. Kafin a ce me, labari ya canza a bakin mutane, ana cewa ai da allura kaɗai aka farke cikinsa bai ji komai ba. Ba haka aka yi ba. Wuƙa ta yi aikinta, allura ta biyo baya don rage wahala. Har yau wannan shi ne matsayinta.

Nahiyar Afirka kuwa, ayarin likitocin Sin na farko ya sauka Aljeriya a 1963. Cikin shekarun 1970 irin wannan ayari ya isa Sudan da Kamaru da Nijar. A cikinsu akan sami mai aikin allura. Shi ya sa wasu mutanen waɗannan ƙasashe suka san ta tun da daɗewa.

Ta yaya allura maras magani za ta rage ciwo? Masanan Sin na da sun ce akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi. Suna kiransa "ci", amma ba cin abinci ba. In hanya ta toshe sai ciwo ya zo, allura kuma ta buɗe ta. Masu binciken jikin mutum ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da suka gani shi ne, sukar allura tana taɓa ƙananan jijiyoyi na fata da nama. Saƙo ya tafi laka da ƙwaƙwalwa. Jiki kuma ya saki wasu sinadarai nasa na kashe zafi. An gano irin waɗannan sinadarai a shekarun 1970. Wani masanin Jami'ar Bejin, Han Jisheng, ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin yadda allura ke sa jiki ya sake su. Kowa ya san in ya buge ƙafa yakan murza wurin ya ji sauƙi. To, abin yana da kama da haka.

Abin da gwaji ya nuna

Yanzu ga inda maganar take da daɗi, take kuma da ɗaure kai.

A ƙasar Jamus an yi wani babban gwaji, aka buga sakamakonsa a 2007. An tara mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu allurar Sinawa yadda take. Kashi na biyu aka yi musu ta jabu, wato aka ɗan soka sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, su kuma ba su sani ba. Kashi na uku aka yi musu jinyar da aka saba, ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata 6 aka duba. Masu allurar gaske, kusan 48 cikin 100 sun sami sauƙi. Masu jinyar da aka saba, 27 cikin 100. Masu ta jabu fa? Su kuma 44 cikin 100.

Jama'a, a dubi lissafin nan sau biyu. Allura ta fi jinyar da aka saba nesa ba kusa ba. Amma ta jabu ta kusan kamo ta gaske. Masu son allura suka ce ga shi nan, tana aiki. Masu shakka suka ce in soka ko'ina ma yana yi, to ba wurin suka ba ne, zuciyar mai jinya ce. Mutum ya kwanta rabin awa, ana kula da shi, ya sa rai zai warke, wannan kaɗai yana rage ciwo. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Hukumomin Jamus dai sun yarda asusun inshorar lafiya ya riƙa biyan kuɗin allurar ga masu daɗaɗɗen ciwon baya.

A 2024 kuma aka buga wani gwaji daga asibitocin ƙasar Sin. Wannan ya fi kusa da maganar yau, domin a kan mutum 216 aka yi masu ciwon ƙafa saboda tsagewar gammon baya. An yi musu allura sau 10 cikin mako 4. An auna ciwon da ma'auni mai maki 100. Masu allurar gaske ciwonsu ya ragu da maki kusan 31. Masu ta jabu ya ragu da 15. Bayan shekara guda ma da sauran bambanci. Wannan labari ne mai daɗi. Sai dai waɗannan mutane ba bayan tiyata aka gwada su ba. Kuma raguwa aka ce, ba a ce ciwon ya tafi duka ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗanda aka riga aka yi wa tiyatar baya ƙanana ne, masu mutane kaɗan. Wasunsu sun nuna ciwo ya ragu, shan ƙwayoyi ma ya ragu, a kwanaki da makonnin farko. Babu wanda ya nuna allura tana ɗinke gammo, ko tana hana shi sake tsagewa. Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne tashin zuciya da amai bayan tiyata. Tun 1997 wani taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya ambaci wannan amfani. Wurin da ake soka wa don haka yana cikin hannu, kaɗan sama da wuyan hannu.

Ƙasashe ma ba su yi baki ɗaya ba. A Ingila, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idar jinya ta ce a 2016 kada a ba da allurar don ciwon baya. A Amurka, ƙungiyar likitoci ta sa ta a 2017 cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi. A 2020 asusun jinyar tsofaffi na Amurka ya fara biyan kuɗinta, sau 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 in ana samun sauƙi. Amma ya ware ciwon da ya shafi tiyata, bai sa shi ciki ba. Ya kuma ce in ba a ga sauƙi ba a tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 ana iya amfani da ita ga daɗaɗɗen ciwon baya, a haɗe da sauran jinya.

In aka tattara duk wannan, ga abin da ya fito. Allurar Sinawa 'yar rakiya ce. Tana iya rage zogi ga wasu, har mutum ya samu ya yi barci, ya tashi ya taka, ya rage ƙwaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ciwo ya hana shi runtsawa. Amma ba ita ce ke miƙar da mutum ba.

Abin da ke miƙar da mutum

Tafiya ce da motsa jiki. Likitoci sukan tayar da mai jinya ya taka tun ranar aiki ko washegari. Doguwar kwanciya ba ta warkar da baya, ƙara sanƙarar da shi take yi. A gida sai ya riƙa 'yar tafiya a tsakar gida, sau da yawa a wuni, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Makonnin farko, kamar 4 zuwa 6, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba yawan sunkuyo, ba murɗa ƙugu, ba doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada. Kada ya daɗe a zaune wuri ɗaya, balle a kan gajeriyar kujera. In zai tashi daga shimfiɗa ya fara juyawa gefe, ya dogara da hannu.

Daga nan sai aikin masu gashin ƙashi na asibiti. Su ne za su koya masa motsin da zai ƙarfafa naman ciki da na baya. Bincike ya nuna waɗanda suka shiga irin wannan horo daga mako 4 zuwa 6 bayan aiki sun fi saurin rabuwa da ciwo. Aiki mai nauyi irin na noma da dako yakan jira har kusan wata 3, gwargwadon abin da likita ya gani. Wanda aka yi wa aiki dab da damina, sai 'yan'uwa su yi masa gayya. Gara a rasa huɗar bana da a koma ɗakin tiyata, domin kusan mutum 1 cikin 10 gammonsa yakan sake tsagewa a wurin. Mai shan taba kuma ya fi shiga wannan haɗari, rauninsa ma ya fi jinkirin warkewa.

Saboda haka in kuɗin da ke hannu kaɗan ne, a fara biyan kuɗin motar komawa ganin likita da na masu gashi. In da saura, kuma akwai ƙwararren mai allura a kusa, sai a gwada.

In za a yi allurar

Da farko a gaya wa likitan da ya yi aikin. Shi ya san abin da ya gani a ciki, shi zai faɗi lokacin da ya dace. Ba a soka allura a kan ɗinki ko kusa da raunin da bai gama warkewa ba. Wanda aka sa wa ƙarfe ko kusoshi a baya ya faɗa tun kafin ya kwanta. Haka mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai ciki. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba a yi masa mai wutar lantarki.

A hannun wanda ya koya, haɗarinta kaɗan ne. Ɗan zafi, ɗan ɗigon jini, wani lokaci jiri. A hannun ɗan koyo kuwa allura tana iya huda huhu in aka zurfafa ta a ƙirji ko saman baya. Tana kuma iya kai ƙwayar cuta har cikin ƙashin baya. Sana'ar tana da makaranta, a Sin shekaru ake yi ana karatunta a jami'a. Wanda ya sayi kwalin allura ya rataya hoton jikin mutum a bango bai zama masani ba. A tambaye shi inda ya yi karatu, da takardarsa, da izinin hukumar lafiya. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya.

Babbar magana ita ce tsabta. Kowace allura sabuwa za ta kasance, a cikin takardarta a rufe, a farke ta a gaban mai jinya, a jefar da ita bayan an zare. Ba a wanke ta a sake soka wa wani. Ba a yarda da cewa ai an goge ta da sifirit. Ƙwayar ciwon hanta tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma an sha samun ɓarkewar wannan ciwo a ƙasashen waje ta hanyar allurar da aka maimaita. Ƙanjamau ma ta jini yake bi. Mutum ya je neman sauƙin ƙafa ya dawo da ciwon hanta, ina riba?

Wani zai ce ai wannan duk ɗaya ne da ƙaho da tsaga da sakiya da aka gada. Ba ɗaya ba ne. Wanzami yana tsaga fata ya fitar da jini. Mai sakiya yana huda jiki da ƙarfe mai zafi. Dukansu suna barin buɗaɗɗen rauni. Bayan da aka yi wa tiyata ba wurin aska ba ne, ba kuma wurin mai ɗori ba ne da zai taka ko ya ja.

A kuma yi ƙa'ida da mai allura tun farko. Sau nawa za a yi, nawa ne kuɗin kowane zuwa? Kada a biya kuɗin wata uku a dunƙule. Mai jinya ya riƙa auna kansa da abin da yake gani. Taku nawa yake yi kafin ƙafa ta tsayar da shi? Sau nawa ciwo ke tashinsa da dare? Ƙwaya nawa yake sha a wuni? Ya rubuta a takarda kowane mako. In an yi sau 6 zuwa 10 takardar ba ta nuna canji ba, to wannan jinya ba tasa ba ce, ya tsaya. Mai allurar da ya ce a daina zuwa asibiti, ko a zubar da maganin likita, a bar wurinsa tun ranar.

Alamun da ba sa jiran gobe

Akwai alamun da ba na allura ba ne, ba na gashi ba ne, ba na haƙuri ba ne. In fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba mutum bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba ya jin taɓawa, ko ƙafafu suna ƙara shanyewa, to jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu. Wannan awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. In aka makara mutum yana iya rasa riƙon fitsari har abada. Ko tsakar dare ne a nemi mota. Wannan gargaɗi ya shafi wanda aka yi wa tiyata da wanda ba a yi wa ba.

Haka nan bayan aiki, in zazzaɓi ya zo, ko raunin ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, ko wani ruwa garai-garai yana tsatsowa daga ɗinkin tare da ciwon kai mai tsanani in an miƙe tsaye. Ko kuma ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya. Ko ciwon ƙafar nan na da, da ya tafi, ya dawo da ƙarfinsa rana ɗaya. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya koma asibitin da aka yi masa aiki, ya tafi da katinsa da hotunan bayansa da sauran magungunan da yake sha.